Toner: tawada ce, gari ne, ko hoda? Mu tsayar da magana

1/ Ƴan'uwa masu shagunan fotokopi da masu gyaran inji a Yamai, akwai kalmar da nake so mu yanke wa hukunci: toner, wato abin da injin fotokopi ke fitar da rubutu da shi. Mu nan da lafazin Faransanci muke faɗinta, ƴan'uwanmu na Kano da Sakkwato suna cewa "tona", mai kawo aiki kuwa da ya ga rubutu ya dusashe sai ya ce "tawadarku ta ƙare". Tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ba da jimawa ba wani zai zauna a ofis ya rubuta takardar odar kaya da Hausa, kuma sunan da ya sa shi zai bi mu. Gara mu da abin ke ɓata wa hannu kullum mu riga shi.

2/ "Tona" dai na cire ta tun daga farko. Kalmar tana da mai ita a Hausa. Ka rubuta "a sayo tona" a jikin allo, mai karatu zai tsaya yana jiran jin abin da za a tona.

3/ "Tawada" kawai ita ma ba ta yi mini ba, kuma a nan ne nake so mu daɗe. Tawadar da muka sani ruwa ce. Ta allo, gawayi ne da ƙaro da ruwa: ruwan ya bushe, ƙaron ya riƙe baƙin. Abin da ke cikin kartush, wato mazubin da ake sa wa injin bugu na leza, ba ya da ɗigon ruwa ko ɗaya. Roba ce aka mayar ƙwayoyi ƙanana, aka haɗa da launi da ɗan kakin da ke hana ta manne wa ƙarfe. Girman ƙwaya ɗaya tsakanin maikiron 5 zuwa 10 ne, maikiron kuwa kashi 1 ne cikin 1000 na milimita. Silin gashin kai ya ninka ta kauri sau da yawa. Ba bushewa take yi a kan takarda ba, narkewa take yi.

4/ Ga yadda aikin yake tafiya, don wanda bai taɓa buɗe cikin injin ba. Akwai wani bututu mai sheƙi, kore ko shuɗi, wanda masu gyara ke kira tambur. Injin yana shafe shi da cajin lantarki gaba ɗaya. Sai hasken leza, ta hanyar wani madubi mai juyawa da gudu, ya bi ya sauke cajin a daidai wuraren da rubutu zai fito. Ƙwayoyin nan su ma da nasu cajin, don haka wuraren da hasken ya taɓa kawai suke kamawa. Irin ƙarfin da ke sa bik ya ɗauki yagaggiyar takarda in ka goga shi a gashi lokacin hunturu, shi ne. Daga jikin tambur su sauka kan takarda, takardar ta ratsa tsakanin abin zafi da abin matsi, zafin yakan kai wajen digiri 180 zuwa 200. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi, shi ya sa kuma ƙaramin gurup, wato janareta, ke shaƙewa da an kunna injin.

5/ Mai shakka ya jira ranar da wuta ta ɗauke takarda tana tsakiyar inji. Ka buɗe ƙofar gefe ka zaro ta a hankali. Rabin da ya ratsa zafi, rubutunsa daram. Rabin da bai kai ba, rubutun yana nan tsaf, baƙi wuluk, amma ka ɗora yatsa ka ja, sai layin duka ya biyo yatsanka, takardar ta koma fara. Wannan abin da ya biyo yatsan, shi muke nema wa suna.

6/ Su kansu masu ƙirƙirar abin a kan bushewarsa suka raɗa wa fasahar suna. Chester Carlson ya yi kwafin farko ranar 22 ga Oktoba 1938 a unguwar Astoria ta birnin New York a Amurka, daga baya aka kira hanyar da kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar busasshen rubutu, daga nan sunan Xerox ya fito. Injinsu Xerox 914 ya shiga kasuwa a 1959. Gary Starkweather, ma'aikacin kamfanin, shi ya kawo dabarar sa leza ta yi zanen a 1969, kamfanin HP kuma ya fitar da injin LaserJet na kan tebur a 1984. Duk tsawon wannan tarihi, abin da aka san wannan hanya da shi shi ne babu ruwa a ciki. In muka ce "tawada" kawai, ainihin abin muka shafe.

7/ Wani malamin makaranta daga Harobanda ya ba da shawara: "Malam, ai sai a ce garin tawada. Gari ne, kuma aikin tawada yake yi." Da farko ta kwanta mini, don tana da daɗin faɗi. Amma wata Hajiya mai shago kusa da Jami'ar Abdou Moumouni ta rushe ta da magana ɗaya. Ta ce: "Ɗana, duk garin da Bahaushe ya sani damawa ake yi. Garin kunu, garin madara, garin lalle. Ka ce wa yaron shago garin tawada, wata rana za ka tarar ya kawo kofi da cokali." An yi dariya, amma Hajiya ta fi mu gaskiya. Akwai ma tawadar da ake saidawa gari a dama da ruwa, don haka sunan zai haɗa abu biyu da ba su haɗu ba.

8/ An kawo "busasshiyar tawada". Ma'anarta daidai, sai dai a kunnen Bahaushe tawadar da ta bushe tawada ce da ta lalace. An kawo "kwalli". Na so shi don laushi da baƙi, amma injin launi fa? Kwalli rawaya ba ya shiga kunne. An kawo "ƙurar tawada", na ce a'a: a garin da ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabar inji, kada mu kira abin da muke saye da tsada ƙura.

9/ Wani mai gyara daga Tawa ya rubuto: "Malam, mu nan hoda muka ce mata tun da daɗewa. In mutum ya taho shina son a cika mai kartush, sai mu ce hoda ta ƙare. Ba mu taɓa ganin wanda ya ruɗe ba." Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a wurina, don kalmar tana bakin masu sana'a tun kafin mu zauna neman ta. Masu gyara na kasuwar Katako ma in suna Faransanci kalmar hoda ta Faransanci suke amfani da ita. Hoda busasshiya ake shafa ta, ba mai dama ta, kowa ya san tana tashi in iska ta buga, kuma tana zuwa launi-launi. Wanda ya tsokano zancen hodar iblis, mun ji, Allah ya shirye ka.

10/ Don haka abin da na tsaya a kai: hodar tawada a rubuce, hoda a bakin shago. Ta injin da ke fesa ruwa kuma, irin ƙananan Epson da Canon masu tanki a gefe, mu ce tawadar ruwa. Mai saye ya shiga Babbar Kasuwa ya ce "hodar tawada nake so", ba za a miƙo masa kwalbar ruwa ba.

11/ Amfanin sunan yana fitowa wajen riƙon abin. In ta zube a riga, kakkaɓewa ake fara yi, sannan ruwan sanyi. Wanda ya ɗauke ta tawada zai nufi ruwan zafi da dutsen guga, ya narkar da robar cikin zare, tabon ya zauna har rigar ta mutu. In ta zube a tebur, a kashe fanka tukuna, a goge da tsumma mai ɗan danshi. Ba a hura ta da baki. Ba a zuƙe ta da injin shara na gida, don tana ratsa matacinsa ta fito ta baya, kuma ƙwayoyi masu laushi haka suna iya kama wuta. Saboda wannan dalilin ne ba a jefa tsohon kartush cikin bolar da ake ƙonawa. Mai cika kartush ya sa takunkumi, ya yi aikin inda iska ba ta kaɗawa, ba kusa da kwanon abincinsa ba.

12/ Sai zafi, wanda shi ne namu na Yamai. Wasu kamfanoni suna rubuta a kwali cewa kada wurin ajiya ya wuce digiri 35. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa, balle cikin shagon kwano da rana tsaka, balle bayan mota. Hodar ba sai ta kai zafin inji take fara lalacewa ba, tun kafin nan take dunƙulewa. Ka sa kartush sabo fil, rubutu ya fito da fararen layuka, ka zagi mai saidawa, alhali kwalin ya wuni a rana kan babur. A ajiye shi kwance, cikin ledarsa, a wuri mafi sanyi na shagon, a girgiza shi hagu da dama a hankali kafin a sa.

13/ Kuma hoda ba ɗaya ba ce. Ta wasu ƙananan injinan baƙi da fari tana da ƙarfe a ciki, maganaɗisu ke jan ta. Manyan injinan kwafi irin Ricoh da Konica Minolta suna gauraya tasu da wasu ƙwayoyin ƙarfe daban da ke ɗauko ta. Zafin narkewa ma ya bambanta. Ka zuba ta wani a cikin wani, ko farin takarda ya yi toka-toka, ko rubutu ya riƙa gogewa. Ragowar da ke taruwa a akwatin shara na inji, wadda zan kira matacciyar hoda in ba a samu wanda ya fi ba, ba a mayar da ita ciki. Ta haɗu da ɓurɓushin takarda, a injin launi kuma launuka huɗu ne suka cakuɗe suka zama ruwan ƙasa.

14/ Sauran sassan ba su ba mu wahala ba. Kartush ta zauna, a bar ta. Tambur, ganga ta ishe shi, tunda muna cewa gangar mai, sai dai a tuna ba ya son haske, ba a barin shi a buɗe ko a taɓa shi da yatsa. Wurin zafin da masu gyara ke kira fur, tanderu ke nan.

15/ Inda muka cije shi ne launuka. Injin launi kartush huɗu yake ɗauka, a takardun Faransanci CMJN, a jikin inji CMYK: C wani shuɗi ne mai haske, M wani launi tsakanin ja da shuɗi, Y rawaya, K baƙi. Kowane launi ana zana shi daban, a tara su a kan wani bel, sannan a sauke su kan takarda a ratsa tanderu sau ɗaya. Rawaya da baƙi ba gardama. Amma a shago muna ce wa M "ja", C kuma "bula", kuma ba su ba ne. Jan gaske sai an ɗora M a kan rawaya yake fitowa, kore kuma C ne da rawaya. Shi ya sa in rawaya ta ƙare, tutar Nijar ke fitowa ba ruwan lemo ba kore, mai aiki ya rantse injin ya lalace. Rawayar nan ma wasu injinan launi suna ɗiga ta ƙanana-ƙanana a kowane shafi, ido ba ya gani, ɗigon yana ɗauke da lambar injin. Ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da kwamfuta da intanet, ta warware na injinan Xerox DocuColor a 2005.

16/ C ɗin, an ba da "shuɗin sama", na karɓa. M ɗin ne ya tsaya mana a wuya, don launin da ya fi kusa da shi a Hausa sunansa ruwan hoda. Wato sai mu rubuta "hodar tawada ruwan hoda", magatakarda ya zaci mun maimaita kalma ya goge ɗaya. Wani ya ce "jan zoɓo", wata ta ce zoɓo ya fi shi duhu sai in an tsinka shi. Masu rini da masu saida zare na kasuwar Wadata, ku kuka fi mu sanin sunayen launi: me kuke ce wa zaren da ke tsakanin ja da shuɗi, mai haske? Kafin ku amsa, a takardar oda za mu riƙa sa harafin M a gaban sunan.