Turakun kwaɓin siminti a ƙasa mai laushi: me ke sa su tsuke?

Ɗan Kwangila: Salamu alaikum injiniyoyi. A turakun harsashin gini da ake haƙawa da barima mai rami a ciki, a ɗura kwaɓin siminti da yashi, me ke sa turke ya tsuke a tsakiya?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Gaggawar zare barima ce. Idan ta kai zurfin da aka tsara, a fara tura kwaɓin da famfo kafin a ɗaga ta, bakinta kuma ya zauna cikin kwaɓin har sama. Da zarar an zare ta fiye da yadda famfo ke turawa, ƙasa za ta rufta cikin gurbin. A lissafa bugun famfo a kowace mita don a san yawan kwaɓin da ya shiga. Dole abin da ya shiga ya zarce lissafin ramin da aƙalla kashi 15 cikin 100.

Hajiya Injiniya: Haka ne, Malam Bala. Kejin rodi kuma a saka shi nan take, kwaɓin na ɗanye, a bar santimita 7.5 tsakaninsa da bangon ramin. In ya maƙale, kada a doka shi. A ciro, a sake haƙawa.

Mai Awo: Kada a haƙa turken da ke kusa da wanda aka ɗura a ranar, kwaɓin zai iya malalewa zuwa sabon ramin. A tsallake, a dawo washegari.