Shin wanda ya saba kallon mutane daga gefe zai iya zama ɗan gida?

Ɗan Gefe ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambayar da ta daɗe tana damuna, ina kuma fatan samun amsa daga waɗanda suka fi ni sanin halin ɗan Adam. Tun ina yaro ni mutum ne mai shiru, wanda idan aka taru ya fi son ya koma gefe ya zuba ido, kuma har yanzu da na kama aiki a sabon wuri ban canza ba. Ta hanyar kallo na gane abubuwa da dama. Na san wanda ake jira ya fara magana kafin sauran su buɗe baki, na san barkwancin da ake yi wa dariya da wanda ake bari ya wuce, har na lura cewa wata abokiyar aikinmu tana rufe littafinta ta ɗora alƙalami a kai duk lokacin da aka tsallake shawararta a wurin taro, daga nan ba ta ƙara cewa uffan. Shin wannan da nake yi koyon tausayi ne na gaskiya, ko kuwa kwaikwayo ne kawai? Kuma shin kallo zai taɓa mai da ni ɗaya daga cikinsu, ko ƙara nesanta ni da su yake yi?

Malamar Firamare ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada kalmar kwaikwayo ta tsorata ka, domin babu wanda aka haifa da sanin yadda ake zama da jama'a, kowa gani ya yi ya ɗauka. Bambancin kawai shi ne yawancin mutane sun yi nasu kallon tun suna ƙanana har sun manta sun yi shi, kai kuwa kana yin naka da sani.

Sai dai akwai kallo iri biyu, kuma ni da nake yini da yara ina ganin su kullum a filin wasa. Akwai yaron da zai tsaya kusa da masu wasa ya lura da yadda wasan yake tafiya, ya gane dokarsa, sannan ya ɗauko ƙwallon da ta fita waje ya miƙa, ko ya faɗi wata magana da ta dace da abin da ake yi, kafin ka ankara ya shige ciki. Akwai kuma wanda zai yi ta kewaya su har a buga ƙararrawa bai yi motsi ba. A shekarar 1983 Kenneth Dodge da abokan aikinsa a Amurka sun buga bincike kan yadda yara ke shiga cikin masu wasa, kuma abin da suka gani ya yi daidai da wannan: yaran da aka fi karɓa suna shigowa da maganar da ta shafi abin da ƙungiyar take yi, waɗanda ake ƙi sukan faɗo ciki su ɓata wasan, waɗanda ba a kulawa da su kuwa sukan tsaya jira a gefe.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na telolin Monrovia a Laberiya, 'yan ƙabilun Vai da Gola, waɗanda Jean Lave ta yi nazarin yadda suke koyar da yaransu a shekarun 1970. Yaron tela ba ya farawa da almakashi. Yana farawa da sa maɓalli da kalmasa bakin riga da guga, wato aikin ƙarshe na kayan da wani ya riga ya ɗinka, inda kuskurensa ba zai jawo babbar asara ba, amma hannunsa yana kan rigar yana ganin yadda aka haɗa ta. Daga baya ya koyi ɗinki, yanka kuwa shi ne na ƙarshe, saboda nan ne yadi ke lalacewa. A 1991 ita da Etienne Wenger suka gina bayaninsu a kan irin wannan, cewa sabon shiga yana koyo ne daga gefe, amma gefen da ake yin aiki na gaske a cikinsa, komai ƙanƙantarsa. To kai ma nemi naka sa maɓallin. Ka karɓi rubuta abin da aka tattauna a taro, ko ka taya wanda aiki ya yi wa yawa. Game da wannan baiwar Allah mai rufe littafi kuwa, ran da aka sake tsallake maganarta, ka ce kana so a koma kan shawarar da ta kawo, ka ambaci sunanta.

Abu Maryam ya amsa:

Na yarda da Malama a kan batun shiga cikin mutane, amma a kan tausayi ina da ja. Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma gaskiya ne cewa wanda aka bari a gefe idonsa yakan yi kaifi. Wani gwaji da aka buga a 2008 ya nuna cewa mutanen da aka tuna musu lokacin da aka ware su sun fi sauran iya bambanta murmushi na gaskiya da na yaƙe. Amma ganin alama daban, sanin dalilinta daban. Ɗan'uwa, ka ga an rufe littafi, kai ne ka fassara shi da ɓacin rai. Mai yiwuwa fushi ne, mai yiwuwa kunya ce, mai yiwuwa kuma ta yanke shawarar ta je ta sami shugaba ita kaɗai bayan taro, wanda ke nufin ba ta buƙatar kowa ya tsaya mata, har ma tana iya jin nauyi idan aka yi hakan a bainar jama'a.

A 2018 Tal Eyal da Mary Steffel da Nicholas Epley sun buga sakamakon gwaje-gwaje 25, inda aka umarci mutane su ɗauki kansu a matsayin wani don su gane abin da yake ji ko yake tunani. Umarnin bai ƙara musu dacewa da gaskiya ba, wani lokacin ma ya ɗan rage ta. Abin da ya yi amfani shi ne tambayar mutumin da sauraron amsarsa. Saboda haka kafin ka yi abin da Malama ta ce, ka sami abokiyar aikin taka ka tambaye ta yadda take ganin tarukan suke tafiya, sannan ka yi shiru ka saurara, wanda dama shi ne abin da ka fi kowa iyawa.

Haɗarin da nake ji wa mai yawan kallo shi ne ya tara labarin mutane a ransa shi kaɗai, babu mai gyara masa, har ya gaskata cewa ya san su alhali zatonsa ya sani.

Hajiya Mai Karatu ta amsa:

Ina so in ƙara abu biyu da ban ga an taɓo ba. Na farko, zaman gefe ba asara ba ne gaba ɗaya. Masanin zamantakewa ɗan Jamus, Georg Simmel, ya yi rubutu a 1908 kan baƙon da ya zo ya zauna, wanda yake cikin jama'a amma bai gama zama nasu ba, ya kuma lura cewa irin wannan mutumin ne mutane kan faɗa wa sirrin da suke ɓoye wa makusantansu, domin ba shi da hannu a tsofaffin rigingimunsu. Idan abokan aikinka suka fara kawo maka kukansu, ɗana, ka riƙe amana, kada ka kai maganar wani gaban wani don neman shiga.

Na biyu kuma, duk amsoshin nan sun ɗora nauyin a kanka kai kaɗai, ni kuwa ban ga adalci a hakan ba. Damian Milton, masani ɗan Birtaniya wanda shi kansa yana da lalurar galahanga, wato autism, ya yi bayani a 2012 cewa idan mutane biyu masu bambancin yadda suke fahimtar duniya suka kasa gane juna, gazawar ta ɓangarorin biyu ce, ba ta wanda ya fita daban kaɗai ba. Kai ka san wanda ke rufe littafi a cikinsu, su kuwa wa ya san abin da shirunka yake nufi? Ka ba su lokaci, domin binciken Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya kiyasta cewa ana buƙatar kimanin awa 50 na zama tare kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, da fiye da awa 200 kafin a zama aminai, kuma awannin da aka yi ana aiki kawai ba su kai na hira da shaƙatawa tasiri ba. Amma idan ka yi naka ƙoƙarin, lokaci ya ja, babu wanda ya matsa maka kujera ko ya tambayi ra'ayinka, to ka ci gaba da aikinka cikin mutunci, ka nemi abokan zama a wata ƙungiyar da ke neman hannu, kamar masu aikin sa kai ko masu karatu tare, inda sabon shiga ke samun abin yi tun ranar farko.