Wane suna za mu raɗa wa siririn jirgin nan na Ingila?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalmomi biyu suka cije mini tun ranar Asabar, na ce bari in kawo su gaban manya.

Wani abokin aikina a nan Birmingham, Bature, ya gaji da kuɗin haya, ya ce jirgi zai saya ya tare a ciki. Ya ja ni rakiya wajen dillalin jirage a bakin kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa. Da daddare na kira yayana a Kano zan ba shi labari, sai baki ya tsaya. Na ce kwalekwale, ya ce, "Au, Baturen masunci ne?" Na ce jirgin ruwa, ya ce, "Ashe attajiri ne." Ko ɗaya bai faɗa daidai ba.

Abin da suke kira "narrowboat" jirgin ƙarfe ne mai rufi, da gado da kicin da banɗaki a ciki. Faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, kusan ka buɗe hannuwa ka taɓa bango biyu. Tsawonsa kuwa yakan kai ƙafa 70 har da 'yan kai. Ba don ado aka tsuke shi haka ba. Bayan an buɗe kanal ɗin Bridgewater a 1761 don kai kwal Manchester, injiniya James Brindley ya ci gaba da haƙa wasu a tsakiyar Ingila, ya kuma gina akwatunan nan masu ƙofofi da ke ɗaga jirgi ko sauke shi in an zo tudu a kan faɗin ƙafa 7 kacal. Jirgin da ya fi haka ƙiba, ƙofa ba za ta karɓe shi ba. Har yau haka abin yake, hukumar Canal & River Trust da ta karɓi ragama a 2012 tana kula da hanyoyin ruwa kimanin mil 2,000, kuma da yawansu a kan wannan awon suke.

Ita kalmar kanal ban taɓa ta ba. Manoman rani a Kadawa sun riga mu, kanal suke cewa, kowa ya gane. Jirgin ne matsala. Ni dai na fara da "siririn jirgi". Ina sauraron ku.

Kalma ta biyu ta fi wuya, kuma ita ce ta raba ni da abokina a hanyar dawowa: "tug-style".

Asalin tug jirgi ne da ba ya ɗaukar kaya, jan wasu jiragen yake yi. Da can doki ke jan jirgi daga gefen kanal. In an zo ramin da ya ratsa ƙarƙashin tudu, inda babu hanyar doki, sai maza su kwanta rigingine su riƙa tura bango da ƙafa har a fita. Daga baya aka kawo masu inji suna jan su. A nan yankin Birmingham irin waɗannan ne ke jan jerin jiragen kwal zuwa masana'antu. To, yanzu babu kwal ɗin da ake ja, amma masu ƙira suna yin sabbin jirage da wannan siffa don masu sha'awa: gaba shimfiɗaɗɗe mai tsawo babu ɗaki a kansa, jiki ya nutsa ƙasa-ƙasa da ruwa, tagogi zagayayyu kamar faifai da bakin tagulla, tsohon inji a ɗakinsa na kansa.

Gaskiya kyau kam akwai shi. Wanda muka gani, da dillalin ya tayar da injin, wani tsohon Lister, sai ka ji dum, dum, dum, a natse, kamar mata biyu na lugude a gida na uku. Abokina ya tsaya baki buɗe. Ni ma sai da tsigar jikina ta tashi. Na shafa jikin jirgin na ji kawunan ƙusoshi a jere reras, na ce wannan aikin mutanen da ne. Dillalin ya yi dariya, ya ce 'yan ƙarafa ne aka bi aka liƙa da walda, ba abin da suke riƙewa.

Sai na ari tef na hau awo. Jirgin ƙafa 57 ne, tsawon da aka fi so saboda yana shiga kusan kowane kanal, har da na arewacin Ingila masu gajerun akwatuna. Shimfiɗar gaba ta ci 12. Ɗakin inji 7. Ɗan ɗakin matuƙi na baya, mai zanen furanni da gidajen sarauta irin na gargajiyarsu, 8. Hancin jirgi da inda matuƙi ke tsayawa, 6. Abin da ya rage wa falo da kicin da banɗaki ƙafa 24. Gadon kuwa a ƙarƙashin shimfiɗar gaba aka cusa shi. Na rarrafa na shiga, na kwanta, na zo tashi goshina ya gaisa da ƙarfe. Na ce masa wannan ai ko zaman tahiya ba ka yi a ciki ba. Ga shi lasisi da kuɗin wurin ɗaure jirgi duk da tsawo ake lissafa su, ƙafar da kake kwana a kai da wadda ruwan sama kaɗai ke kwana a kai farashinsu ɗaya.

Shi ya sa nake son sunan da za mu ba shi ya faɗa wa mai saye gaskiya tun daga baki.

Ƙari, bayan la'asar:

Na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri. Malam da ya ce "zungureren jirgi", wallahi ta fi tawa daɗin faɗa, har na maimaita ta sau uku ni kaɗai. Sai dai tsawo take nunawa, alhali akwai masu ƙafa 30 da su ma wannan sunan suke amsawa. Abin da ya haɗa su duka shi ne rashin faɗi. "Matsattsen jirgi" kuma kamar ƙorafi ne, masu zama a ciki ba za su gode mana ba. "Jirgin kanal" ya yi faɗi da yawa, don akwai masu ƙiba da ke yawo a manyan kanal irin na Landan. Hajiya ta kawo "jirgin lungu", ta ce tunda lungunan ruwa yake bi a bayan gidaje. Ranki ya daɗe, wannan ta wasa ce mai kyau, zan riƙe ta don hira. A rubutu dai ina ganin mu tsaya a siririn jirgi, jam'i siraran jirage, in ana tsoron ruɗani a ƙara "na kanal".

Wanda ya ce tug a kira shi "majanyi" tunda daga ja ne, ɗan'uwa, iyayenmu mata sun riga ka, da shi suke ɗaure goyo.

Amma wani direba a cikinku ya warware mini ƙulli da kalma ɗaya: janwe. Ban san yadda aka yi ta kuɓuce mini ba. Motar da ke jan wadda ta mutu a hanya ai janwe ce, duk ɗan tasha ya san ta. To tug shi ne janwen ruwa. Kuma muna da "ƙira", yadda ake cewa mota ƙirar kaza. Siririn jirgi ƙirar janwe. Abin da ya burge ni, kalmar ƙira da kanta tana gaya maka siffa ce kawai aka ɗauko, ba aikin ba. Jirgin da muka gani bai taɓa jan ko gwangwani ba.

Ƙari na biyu:

An tambaye ni me za a kira shimfiɗar gaban. Wasu sun ce baranda, wasu farfajiya. Baranda tana da rufi ko makari, wannan babu. Farfajiya ta yi masa girma. Ni dakali nake gani: wuri ne ɗagagge, shimfiɗaɗɗe, a ƙofar gida, ba a kwana a kai, zama ake yi da yamma a ga masu wucewa. Haka masu shi suke yi da bazara, su fito da kujeru biyu da butar shayi. A bakin talaka ma ina jin "mai dakali" zai fi "ƙirar janwe" saurin kama ƙasa.

Kuma kada in zalunci dakalin, wani ɗan'uwa da ya taɓa hayar irinsa ya tuna mini amfaninsa. Keke, buhunan kwal na murhu, itace, duk a nan ake jibge su. Ƙananan tagogin suna rage shigar sanyi, ɓarawo ba ya iya kutsawa ta ciki, masu yawo da karnuka a gefen kanal ba sa leƙa maka tukunya. Injin da ke ɗakinsa a tsaye kake gyara shi, ba ka durƙusa cikin rami ba, zafinsa kuma yana busar da wanki. Na yarda. Amma cikin da duhu ko da rana tsaka, a ƙasar da dama rana ke rowa. Jirgin da ya nutsa sosai kuma yakan shafi laka in kanal ya yi ƙasa. Wanda zai riƙa zuwa hutun ƙarshen mako, yana tafiyarsa ta mil 4 a awa mutane na ɗaga masa hannu, ya sayi mai dakali ya more. Wanda zai tare dungurungum da kayansa, ga hunturun Ingila, ga dokar matsawa duk kwana 14 in ba shi da wurin ɗauri na dindindin, ni dai na ce wa abokina ɗaki yake buƙata, ba dakali ba.

Bai ji ba. Ya biya kafin alƙalami, mai duba lafiyar ƙarfe zai zo a fito da jirgin daga ruwa ranar Talata a auna kaurin gindinsa.

Saura akwatin nan mai ƙofofi da Turawa ke kira "lock". Na ga an rubuta "makulli", amma ba a kulle komai da shi. "Matakalar ruwa" nake tunani, musamman da yake a Tardebigge, wani ƙauye kusa da Birmingham, guda 30 ne a jere kamar hawa bene. Wa ke da wadda ta fi ta?