Hanyar Makka zuwa Jidda: a ƙara mata faɗi, ko a sa mana jirgin 'yan aiki?

Ɗan Rusaifa:
Assalamu alaikum jama'a. A Makka nake zaune da iyali, wajen Rusaifa, amma a Jidda nake aiki, a wani shagon kayan gyaran mota. Tsakanin garuruwan biyu kilomita 70 ne da ɗoriya, kuma gaskiya tsakiyar hanyar ba ta da laifi. Daga Shumaisi zuwa Bahra mota gudu take. Sai an doshi bakin Jidda komai ya tsaya cak, ka ga layin jan fitila har inda ido ya ƙare. Daren Alhamis da goman ƙarshe na azumi kuwa ba a magana.

Abin da ke ɗaure mini kai, tashar jirgin ƙasa na Haramain a unguwarmu take. Tun 2018 yake aiki, yana gudun kilomita 300 a awa, wajen rabin awa ya kai ka Jidda. Amma da mahajjaci da mai Umra a rai aka tsara shi. Sai ka yanki tikiti mai lokaci da lambar kujera, in maigida ya riƙe ka a shago minti ashirin shi ke nan. Kuɗin zuwa da dawowa kullum ba na mai albashi irin nawa ba ne, kuma in na sauka a Sulaimaniyya, tashar Jidda, sai na sake neman tasi.

To da za a ba ku zaɓi, kuɗin a ƙara wa hanya layi za a kashe, ko a yi jirgi mai araha da ke tsayawa unguwa-unguwa?

Baban Kaddad:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni a kan hanyar nan na yi furfura ina jigilar fasinja, don haka ka san inda zan karkata. A faɗaɗa. Ka taɓa ganin mace da yara huɗu, da jarkar Zamzam, da tsohuwa a keken guragu? Ni a ƙofar gida nake ɗaukarsu, a ƙofar gida nake sauke su. Wane jirgi ne zai yi musu haka? Ga manyan motocin da ke fitowa daga tashar ruwan Jidda da shinkafa da siminti, su ma tikiti za su yanka? Sannan litar fetur 91 riyal 2.18 ce. Muddin mai yana wannan farashin, kuma ana zafin da ya haura digiri 45, ba wanda zai bar mota mai sanyi ya taka zuwa tasha da azahar.

Ummu Fahad (Riyad):
Baba, Allah ya ƙara girma, maganar kaya da tsofaffi gaskiya ce. Amma ku zo Riyad ku ga titin Sarki Fahad. Faɗi yana da shi, gadar sama da ta ƙasa duk akwai, ga hanyoyin gefe, kuma da safe a nan ake kwana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk ranar da aka buɗe sabon layi hanya takan yi sauƙi na ɗan lokaci. Sai wanda ke fita tun asuba don gudun zahama, wato cunkoso, ya koma fita ƙarfe bakwai. Mutum huɗu da ke haɗuwa a mota ɗaya kowa ya fito da tasa. Wanda ke haya kusa da wurin aiki ya ce ai yanzu hanya ta gyaru, ya koma bayan gari inda haya ke da sauƙi. Kafin ka ankara layin ya cika. A Houston ta Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, a wasu wuraren layi 26, bayan 'yan shekaru lokacin tafiya ya sake hawa.

Kuma shi Malam ya riga ya faɗi inda matsalar take, bakin gari. Ko layi goma aka yi a Bahra, titunan cikin Jidda ne za su haɗiye motocin, su kuwa ba inda za su ƙara.

Mu nan jirginmu na cikin gari ya fara aiki ranar 1 ga Disamba 2024. Layi shida, kilomita 176, tasha 85, kuma ba direba a ciki. Riyal 4 ne na awa biyu, riyal 140 na wata. Ni daga Bat'ha nake hawa shuɗin layi zuwa Ulayya, ban taɓa duba jadawali ba, in wannan ya wuce wani na tafe. Akwai ɓangaren iyali, don haka 'yata ma tana zuwa makaranta ita kaɗai, abin da a da sai an nemo direba. Ba na cewa a banza aka samu. Tun 2014 ake haƙa, mun sha ƙura da shinge da juya hanya shekara goma, kuɗin kuma ya haura dala biliyan 22. Titin Sarki Fahad ma yana nan da zahamarsa. Bambancin kawai, yanzu ni ba na cikinta.

Yar Karantina:
Ni tambayata ɗaya, gidan wa za a rushe? Hanya in za ta ƙara faɗi ƙasa take ci, jirgi ma haka in ba a ƙarƙashi aka bi da shi ba. Tun rusau ɗin 2021 da 2022 mutanenmu na unguwannin Karantina da Sabil da Gulail a Jidda suka watse, wasu can kudu, wasu gabas. Ƙanwata bas ma ba ya zuwa inda take. In aka yi tasha a tsakiyar gari, ita dai sai ta kira Baba.

Baban Kaddad:
Allah ya yi miki albarka 'yata, ki ba ta lambata. Hajiya ta Riyad kuma, ki tuna tun 2012 aka amince da jirgin cikin Makka, layi huɗu. Bas ne muka gani a 2022. Haƙa a dutsen Makka ba irin haƙa a Riyad ba ne. Kwalta kuwa shekara biyu an gama.

Ɗan Rusaifa:
Na gode ƙwarai. Baba, na ji taka, amma Hajiya ta fi kama ni, don ni ba Zamzam nake ɗauka ba, ni da kwanon abincina ne. Irina muna da yawa a layin nan na safe, kowa shi kaɗai a mota. Da za a kwashe mu, ai kai da manyan motoci kun sami fili. Layin dogon ma ga shi a shimfiɗe. A sa jirgin safe da na yamma da tikitin wata, bas ya jira mu a Sulaimaniyya. Hajiya, ku can kati ɗaya ne na bas da na jirgi, ko kowanne da nasa?

Ummu Fahad (Riyad):
Ɗaya ne, Malam, katin Darb. In ka sauka jirgi ka hau bas kafin awa biyun ta cika ba ka sake biya.