Zomanyata ta tsige gashi amma ba ta haihu ba

Maman Yara, Funtuwa:
Assalamu alaikum. Masu kiwon zomo ku taimaka min don Allah. Mata biyu gare ni a keji ɗaya, kuma na sha ganin farar tana hawan baƙar. Da na kai baƙar wurin namiji ƙin tsayawa ta yi, sai gudu da gurnani. Kwana 17 bayan na ga hawan nan ta hau tsige gashin ƙirjinta tana kwasar ciyawa a baki. Na sa mata akwati ina murna, har yau shiru. Ko ɓari ta yi?

Ɗalibin likitancin dabbobi, Samaru:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ba ɓari ba ne, cikin ƙarya ne. Akuya ƙwanta na fitowa da kansa in lokaci ya yi, ita zomanya sai an hau ta. Hawan ne ke sa ƙwaƙwalwa ta aika sinadari cikin jini, bayan awa 10 zuwa 12 ƙwai su fito. Wani masani, Walter Heape na Ingila, ya bayyana haka tun 1905. To jikin ba ya tantance namiji ne ko 'yar'uwarta: ƙwai sun fito, babu maniyyi, amma ta ɗauka ciki ne har kwana 16 zuwa 18.

Ni tafiyar ƙwan ce ke burge ni. Bakin bututun da ke kai ƙwan mahaifa kamar mazurari yake, da 'yan gasu ƙanana masu sharo ƙwan ciki cikin mintuna. In an yi barbara, maniyyi ya riga shi isa yana jira, don ƙwan ba ya wuce kamar awa 6 yana karɓa. Sai ya yi wajen kwana 3 yana gangarawa, bututun na lulluɓe shi da wani yauƙi mai kauri, kafin ya shiga mahaifa ya kama a kwana na 7.

Baba mai zomo, Maraɗi:
'Yata, raba su yau, kowace da kejinta. Ki duba gabanta, in ya yi ja ya ɗan kumbura ki kai ta da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ita ake kaiwa kejin namiji, in kin kawo shi nata faɗa za ta yi. Da kin ga ya faɗi gefe, ki rubuta ranar. A kwana na 14 ki laluba cikin a hankali, haihuwa kuma wajen kwana 31.

Maman Yara, Funtuwa:
Allah ya saka da alheri. Na mayar da farar tsohon kejin kaji. Baƙar kuwa gabanta ya yi ja tun jiya, gobe bayan asuba zan kai ta.