Waɗanda suka taɓa aikin injiniya a bakin teku, ta ina kuka shiga?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. Na gama karatun injiniyan gine-gine a ABU, ina jiran bautar ƙasa. Aikin tashoshin jiragen ruwa nake so, amma a gida cewa ake yi me ya haɗa ɗan Arewa da teku. Yayyena, ku ba ni haske.

Baban Khadija: Wa'alaikumus salam ƙanena. Digirin da ke hannunka ya isa ka shiga, sauran a bakin aiki ake koya. Ni a Lekki da ke Legas na goge, lokacin da ake gina tashar da aka buɗe a 2023. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne ruwa ke yanka mana lokaci. Sau biyu yake cikowa a rana, sau biyu ya janye, kuma kullum lokacin matsawa yake. Wani kankaren sai ruwa ya janye za a zuba, ko da ƙarfe uku na dare ne. Ga gishiri, yana ratsa kankare ya ci rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa ginin daga ciki. Shi ya sa ake ƙara kaurin kankaren da ke rufe rodi, a rage ruwan kwaɓi. Wanda ya saba da ginin Kano sai ya ga kamar ɓarnar siminti ce.

Hajiya Injiniya: Ba dole sai Legas ba. Ni a Lakwaja na fara, inda hedikwatar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, take, muna auna zurfin kogin Neja saboda aikin yashe. Wurin da ka auna bara, bana yashi ya cike shi. Ka riƙe darasin ƙasa da na ruwa da kyau, su ake tambaya wajen ɗaukar aiki.

Na Zango: Gaskiyar Hajiya. Mu nan Ghana da aka faɗaɗa tashar Tema, na ga masu auna ƙasan teku sun fi mu daraja. Bayan nan na je IHE Delft, cibiyar koyar da ilimin ruwa a Holan, na ƙaro karatu, amma sai da na yi shekaru a fili tukuna.

Ɗan Samaru: To ni ko iyo ban iya ba.

Baban Khadija: Ka koya kafin ka zo, duk da ba mai barin ka hau jirgin aiki babu rigar kariya. Kuma duk aikin da ka sa hannu ka rubuta shi a littafi, COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, za ta nema ranar rajista.