Shin siffanta makashi kafin a gan shi ne ke kai ga kama shi?

Mai Bibiya: Assalamu alaikum. Jiya na kalli wani kashi na shirin talabijin na Amurka inda jami'in bincike ya je kurkuku ya zauna da wani da ya kashe mutane bi da bi, ya saurari labarinsa, sannan ya koma ofis ya siffanta wani makashin da ake nema: shekarunsa, sana'arsa, har da yadda ya tashi a hannun mahaifiyarsa. Kafin kashin ya ƙare an kama mutumin, kuma komai ya zo daidai da abin da jami'in ya faɗa. Abin ya tsaya mini a rai. Shin da gaske haka ake kama irin waɗannan mutane, ko kuwa marubuta shirin ne suka ƙara wa miya gishiri?

Ɗalibin Shari'a: Wa alaikumus salam, Malam. Zaman kurkukun yana da tushe. A ƙarshen shekarun 1970 jami'ai biyu na hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka (FBI), John Douglas da Robert Ressler, waɗanda ke aiki a sashen nazarin halayyar masu laifi da ke Quantico a jihar Bajiniya, sun fara ganawa da makasa a gidajen yari, kuma tare da wata mai bincike, Ann Burgess, sun tattara bayanan mutum 36. Cikin waɗanda aka zanta da su akwai Edmund Kemper, wanda ya kashe kakanninsa biyu a 1964 yana ɗan shekara 15, daga baya ya kashe mahaifiyarsa a 1973. Sai dai ka lura cewa Kemper da kansa ya buga wa 'yan sanda waya ya miƙa wuya. Babu wata siffa da ta kai su gare shi.

Hajiya Mai Karatu: Ni a ganina inda shirye-shiryen nan suke kauce wa gaskiya shi ne wajen kamun. Dennis Rader ya kashe mutum 10 a yankin Wichita na jihar Kansas tsakanin 1974 da 1991, an yi ta siffanta shi shekara da shekaru ba tare da an gano shi ba. Abin da ya tona masa asiri a 2005 faifan kwamfuta ne da ya aika wa wata tashar talabijin, bayan ya tambayi 'yan sanda ko za a iya bin sawun faifan suka nuna masa ba komai. A cikinsa aka samo sunansa na farko da sunan cocin da yake riƙe da muƙami a ciki. A Ingila ma, Peter Sutcliffe, direban babbar mota da ya kashe mata 13, sau tara 'yan sanda suna yi masa tambayoyi suna sallamarsa, musamman saboda sun amince da wani kaset na bogi da wani ya aiko yana iƙirarin shi ne makashin, mai karin harshen wani yanki da ba na Sutcliffe ba. A Janairun 1981 aka tsare shi a Sheffield saboda lambar motarsa ta jabu ce. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, a tsawon lokacin da aka ɓata ana neman mai wancan karin harshe, an ci gaba da kashe mata, kuma ba kasafai shiri ke ba su ko minti biyar ba.

Mai Bibiya: Na gode, Hajiya. Ke nan aikin siffantawar ba shi da amfani?

Ɗalibin Shari'a: Yana da shi, Malam, wajen rage yawan waɗanda ake zargi da kuma tsara yadda za a yi wa mutum tambayoyi bayan ya shiga hannu. Amma abin da kotu ke dogara da shi hujja ce: shaidu, zanen yatsa, ko gwajin ƙwayoyin halitta, irin wanda ya kai ga kama Joseph DeAngelo, tsohon ɗan sanda, a Kalifoniya a Afrilun 2018, fiye da shekara 30 bayan kisansa na ƙarshe.